Hajiya Barmani Coge da Makomar Kiɗan Ƙwarya

Hajiya Sa'adatu Ahmad, wadda aka fi sani da Barmani Coge, ita ce mai kiɗan amada ta ƙarshe da sunanta ya game ƙasar Hausa baki ɗaya. An haife ta a shekarun 1940 a ƙauyen Gwaigwaye da ke kusa da Funtuwa, cikin jihar Katsina ta yanzu, ta kuma rasu a watan Maris na 2013. Daga farkon shekarun 1970 har zuwa dab da rasuwarta, wato kusan shekara arba'in, tana jagorancin ƙungiyar mata masu kaɗa ƙwarya a wuraren biki da suna da tarurrukan mata. Yawancin masu tunawa da ita baitocinta suke tunawa: zambon kishiya, kiran mata su kama sana'a, da wasu kalmomi da ba a maimaita su a gaban surukai. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne cewa Barmani makaɗiya ce, mai tsara kiɗa da waƙa a tare, kuma tsarin kiɗan ne ya ɗauki baitocin ya kai su inda suka kai. Wannan ɓangare na aikinta ya fi kowanne wuyar gada, kuma shi aka fi yin sakaci da shi.

Garin da ta tashi a cikinsa yana da hannu a abin da ta zama. Funtuwa ta bunƙasa ne bayan da layin dogo na Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920, aka kuma kafa injin gurzar auduga. Ga ta a mahaɗar hanyoyin Sakkwato da Zariya da Katsina. Direbobi da fatake da leburori da ma'aikata daga sassa daban-daban suka cika ta, kuɗi yana zagayawa musamman lokacin kakar auduga. Gari irin wannan yana ciyar da makaɗi, yana kuma sassauta masa harshe fiye da yadda tsohon birni mai fada da ganuwa zai yi. Ba banza ba ne Alhaji Mamman Shata ya zauna a Funtuwa shekaru masu yawa. Barmani ta girma tana jin kalangu da garaya da goge a kusa da ita, amma kayan kiɗan da ta ɗauka na cikin gida ne.

A gidan Bahaushe na da, kusan kowane aikin mace yana da amonsa. Mata biyu ko uku a turmi ɗaya suna lugude, taɓare suna sauka bi da bi, wata ta cilla tata sama ta tafa hannu kafin ta cafe. Mai niƙa a dutse tana rera waƙa daidai da kai da komon ɗan dutsen. Masu daɓen ɗakin amarya suna saukar da maɗaɓi a tare. 'Yan mata suna gaɗa a dandali, ƙawayen amarya suna shantu a ɗaka. Littafin tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya nuna yadda waƙa ta ratsa rayuwar mata a karkarar Zazzau, haka ma ƙamus ɗin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 ya lissafa kiɗan ƙwarya da kiɗan ruwa a cikin nau'o'in kiɗan mata. Ganga da kalangu da kotso da taushi na maza ne, galibi kuma gado ne a gidajen makaɗa. Ƙwarya kuwa ba ta bukatar fata, ba ta bukatar mai ɗauri, tana nan a kowace madafa. Yarinyar da ta iya lugude ta riga ta san yadda hannaye da yawa suke raba amo ɗaya ba tare da sun yi karo ba, kuma wannan shi ne darasin farko na amada.

Amada ta faro ne a matsayin waƙar addini da mata suke yi a cikin gida, ta begen Annabi da yabon waliyyai irin su Shehu Abdulƙadir Jilani. Sannu a hankali ta fito zuwa zaman biki da suna, jigoginta suka faɗaɗa zuwa al'amuran duniya. A Kano, Hajiya Uwaliya Mai Amada ce ta fito da ita fili kafin Barmani ta shahara, har ta riƙa yi wa miyagun malamai masu yaudarar mata shaguɓe. Barmani ta tarar da hanyar an share, ta ƙara mata zafi da sauri da barkwanci, ta mayar da ita kiɗan rawa wanda babbar mace mai jikoki ba ta jin kunyar tashi ta taka.

Aikin ƙungiyar amada yana farawa tun kafin a buɗe baki. Ana shimfiɗa tabarma, a kife ƙore masu girma daban-daban a kan tsumma ko matashi, don kada su zame kuma kada amon ya mutu a ƙasa. A gefe ana ajiye baho ko babban masaki da ruwa a ciki, a kife wata ƙwarya a kan ruwan. Iskar da ta maƙale tsakanin ruwa da cikin ƙwaryar ita take ba da amon nan mai zurfi da ake ji har a ƙirji. Mai kaɗa ta takan ɗan ɗaga bakin ƙwaryar ta ƙara iska ko ta rage, ta ƙwanƙwasa, ta saurara, har sai amon ya zauna inda take so. Ita kanta ƙwaryar ba kowace ake ɗauka ba. Ana duba kaurinta da bushewarta, a tabbatar ba ta da tsaga, domin ƙwaryar da aka ɗinke tana iya ɗaukar fura amma amonta ya lalace. Daga nan sai rabon aiki. Ta ruwa tana riƙe ƙasa, tana faɗuwa a wuri ɗaya ba ta gocewa. Matsakaita suna cika tsakani. Ƙaramar mai kaifin amo tana yanke, tana shiga inda sauran suka bar gurbi. A kan wannan ake ɗora tafi, sannan guɗa ta tsaga a lokacin da abu ya yi daɗi. Babu takarda, babu mai ɗaga hannu yana ba da umarni, amma kowace mace ta san inda bugunta yake sauka, kuma kuskuren mutum ɗaya yana bayyana nan take.

Akwai wani bambanci tsakanin ƙwarya da kalangu da ya kamata a lura da shi, domin shi ne mabuɗin gane gwanintar Barmani. Hausa harshe ne mai karin sauti, mai kuma gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Makaɗin kalangu yana matsa tsarkiya a hammata ya hau da amo ko ya sauko da shi, saboda haka kalangu yana iya kwaikwayon magana, yana iya kiran mutum da takensa. Ƙwarya ba ta da wannan dama. Kowace ɗaya amo ɗaya take da shi, ba ta hawa ba ta sauka. Ke nan hawa da saukar karin magana duk ya koma wuyan mai rerawa, ƙore kuwa suna riƙe awon lokaci ne kawai, da doguwar gaɓa da gajeruwa. Mawaƙiyar amada ba ta da inda za ta ɓuya. Idan ta cusa kalma mai tsawo a gurbin da bai ɗauke ta ba, kiɗan zai tona mata asiri. Wanda ya saurari Barmani da kunnen basira zai ji yadda take zaɓen kalmomi gajeru masu bugu, yadda take maimaita gaɓa ko ta ja wasali don saɗara ta faɗa daidai kan bugun ƙwaryar ruwa, da yadda take shigowa wani lokaci gaba da bugun kaɗan, wani lokaci baya da shi, ba tare da ta saki zaren ba.

Tsarin waƙoƙinta yana da sauƙin gani amma yana da wuyar yi. Akwai gindin waƙa gajere wanda 'yan amshi suke maimaitawa, mai saurin kama baki, har mahalarta biki su karɓe shi tun kafin a zagayo sau uku. Akwai 'ya'yan waƙa da jagora take sakawa tsakanin amshi da amshi, wasu shiryayyu ne tun daga gida, wasu kuwa a nan take ake ƙulla su. Jagora tana waƙa idonta yana kan fili. Ta ga uwar biki ta miƙe, ta sako sunanta da na mahaifinta. Ta ga wata hajiya ta buɗe jaka, ta tsawaita baiti har liƙi ya ƙare. Ta ga rawa ta fara sanyi, ta canja murya, masu ƙore su gane su ƙara wuta. Saboda haka waƙa ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya a wuri biyu. Wannan tsara kiɗa ne cikakke, ko da ba a rubuta shi a takarda ba: zaɓen awo, raba aiki tsakanin kayan kiɗa, ƙirƙirar karin murya, da gina waƙa yadda za ta iya miƙewa ko ta taƙaita gwargwadon bukatar wuri. Ba a taɓa yi wa Ibrahim Narambaɗa ko Musa Ɗanƙwairo musun wannan matsayi a kan kotso ba, kuma babu hujjar hana shi ga mace don kawai kayan kiɗanta daga madafa suka fito.

Matsayin makaɗi a al'ummar Hausa ya daɗe yana da fuska biyu. Ana son kiɗansa, ana ba shi riga da doki da mota, amma ana sa shi a sahun maroƙa, ba kowa ne yake ba shi 'yarsa ba. M. G. Smith ya yi bayanin wannan tun a 1957 a nazarinsa kan roƙo a ƙasar Zazzau. Ga mace abin ya ninka, domin fitowarta gaban jama'a da ɗaga murya kaɗai ya isa a yi mata wani kallo. An aurar da Barmani tana yarinya, ga wani makaɗin garaya, ta haifi 'ya'ya da yawa, kuma sai da ta zama cikakkiyar matar gida kafin ta fito sana'ar a fili. Waɗannan abubuwa biyu sun taimake ta. Miji makaɗi bai ɗauki kiɗa abin kunya ba. Matar aure mai 'ya'ya kuma tana da bakin faɗa wa mata 'yan'uwanta abin da budurwa ba za ta iya faɗa ba, kuma su saurara.

Ta fuskar samu, sana'ar amada tana tafiya ne a kan gayyata da liƙi da kyautar manyan mata. Jagora ce take karɓar gayyata, ita take ɗaukar nauyin mota da masauki, ita take raba abin da aka samu tsakanin 'yan amshi da masu ƙore. Riƙe ƙungiyar mata shekaru da yawa, alhali kowace tana da miji da goyo da hidimar gida, ana tafiya garuruwa ana kwana a hanya, wani aiki ne daban da ba a lissafa shi idan ana maganar fasaharta.

Jigogin waƙoƙinta su ne suka fi jawo magana. «A Kama Sana'a Mata» kira ne ga mace kada ta zauna tana jiran abin da miji zai miƙo, ta yi saƙa ko kitso ko ƙosai ko ɗinki, ta riƙe nata. Saƙo ne irin wanda gwamnati ta yi ta yaɗawa da shirye-shirye kamar na inganta rayuwar matan karkara da Maryam Babangida ta ƙaddamar a 1987, sai dai Barmani tana isar da shi a inda mata suke jin kansu a gida, da harshen da suke magana da shi, kuma ba ta raina ƙaramar sana'a. A wannan waje ta yi daidai, ta kuma yi tasiri. Matan kulle sun daɗe suna juya kuɗi daga cikin gida ta hannun yara masu talla da adashi, ita kuwa ta ɗaga darajar wannan aiki, ta sa zaman banza ya zama abin gori. «Sakarai Ba Ta Da Wayo» da sauran waƙoƙinta na kishi sun fi wuyar yanke wa hukunci. Suna ba mace damar fitar da abin da yake cin ta, ta yi dariya a kan ciwon da ba ta da ikon kawar da shi, kuma wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Amma gaskiya ne cewa zambon yana sauka ne a kan wata macen, mijin da ya haɗa su kuwa ya kan tsira ba tare da an taɓa shi sosai ba. Haka nan «Gwarne Ikon Allah», wadda take kare macen da ta samu ciki tana goyo daga gorin mutane, tana da tausayi a cikinta, ko da yake ma'aikatan lafiya da suke ganin wahalar haihuwa kusa da kusa suna da dalilin kallon batun ta wata fuska.

Batun batsa shi ne zargin da aka fi yi mata, musamman saboda waƙarta ta rawar ɗuwaiwai. Wajibi ne a tuna inda aka tsara waɗannan waƙoƙi domin a yi su. Zaman biki na mata fili ne na mata zalla, inda tun fil azal ake yi wa amarya nasiha da wasa a kan zaman aure ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Abin da ya dace a tsakar gida cike da mata ya canja kama ne sa'ad da kaset ya ɗauke shi ya kai shi tasha da shagon mai shayi. Laifin da aka ɗora wa mawaƙiyar, rabinsa na na'urar da ta fitar da muryarta daga muhallinta ne.

Rediyo da kaset su ne suka sa wanda bai taɓa zuwa Funtuwa ba ya san Barmani, daga Sakkwato zuwa Maraɗi da Damagaram, har zangon Hausawa a Kumasi da Accra. Amma shahara ba ta zo da samu daidai da ita ba. Kasuwar kaset ta arewa ta ginu ne a kan kwafa, mai shago ya sayi ɗaya ya juya ɗari. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, ta 1988 da wadda ta maye gurbinta ta 2022, tana kare aikin kiɗa ne idan an adana shi a wani abu tabbatacce, rubutu ko ɗauka. Mawaƙiyar baka da take ƙulla baiti a filin biki ba ta riƙe da komai a hannu, wanda ya danna rikoda shi yake tafiya da kwafin. Masu ƙore kuwa, waɗanda rabin daɗin waƙar daga hannunsu yake, ko sunansu ba a rubutawa a bayan kaset.

Daga shekarun 1990 wani abu ya shigo wanda ya fi kwafar kaset illa ga masu kiɗan hannu. Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da «Turmin Danya» a 1990, sun zo da waƙoƙin sutudiyo da ake haɗawa da fiyano samfurin Yamaha. Mutum ɗaya a ɗaki ɗaya yana fitar da amon ganga da sarewa da tafi. Fim ɗin «Sangaya» na 1999 ya nuna cewa na'urar tana iya kwaikwayon amon kayan kiɗan gargajiya har jama'a su karɓa hannu bibbiyu. Daga nan bikin aure ya fara komawa hannun mawaƙan sutudiyo da masu kunna faifai da manyan lasifika. Ba aibu ba ne matasa su sami sabuwar hanya, kuma wannan hanya ta fito da mawaƙa mata da yawa da suka ci abinci da muryarsu. Asarar tana wani waje. Bugun na'ura a daidaice yake kamar awon tela, ba ya jiran mai rawa, ba ya ganin hajiyar da ta miƙe. Sannan yarinyar da a da za ta zauna kusa da uwarta ta koyi riƙe ƙaramar ƙwarya yanzu ba ta da inda za ta koya, domin injin niƙa da na sussuka sun riga sun rage lugude da waƙar niƙa a birane.

Shekarar 2000 ta ƙara wani nauyi. Bayan da jihohin arewa suka faɗaɗa aiki da shari'a, Zamfara a gaba, an ƙara sa ido a kan kiɗa a bainar jama'a da cuɗanyar maza da mata a wurin biki, Kano kuma ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001. Amada, da yake kiɗan mata ne a tsakanin mata, ta fi wasu nau'o'in samun mafaka, amma yanayin ya sa iyalai da yawa suka gwammace walima da wa'azi a kan kiran makaɗa. A Borno kuwa matsalar ta zo da wata siffa mai tsanani. Maiduguri gari ne da Kanuri da Shuwa da Hausawa da Fulani da Babur suke zaune tare, Hausa kuma ta zama harshen kasuwa da titi. A tsofaffin unguwanni irin su Shehuri da Hausari da Fezzan, biki yakan haɗa al'adu fiye da ɗaya: ganga kura da algaita a daren wushe-wushe na Kanuri, waƙoƙin Hausa a zaman mata. Rikicin da ya ɓarke a 2009, da dokar hana fita da dare, da dokar ta-ɓaci ta 2013, sun katse shagalin dare na tsawon shekaru. Sana'ar da ake koyo ta hanyar zama kusa da mai yi ba ta jure irin wannan yankewa, domin shekara biyar ba tare da fili ba tana nufin sahu guda na yara bai koya ba.

Masana ba su yi watsi da Barmani ba. Ɗalibai a sassan Hausa na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato sun yi rubuce-rubuce a kan waƙoƙinta. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanyar nazarin waƙar baka da ake bi a yau, Beverly Mack ta fitar da littafi a kan waƙoƙin matan Hausa a 2004, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero kuma ya rubuta ta'aziyya mai zurfi a kanta bayan rasuwarta. Sai dai mafi yawan nazarin da ake yi a jami'o'inmu na adabi ne: a rubuta baitoci, a fitar da turke da salo da adon harshe. Ana ambaton kayan kiɗa a shafi ɗaya a wuce. Dalilin a fili yake, domin sassan harshe ne suke ɗauke da aikin, sassan koyar da kiɗa kuwa ba su da ƙarfi a jami'o'in arewa. Sakamakon shi ne ana iya samun kundi a kan ma'anar kowace saɗara ta «Sakarai», amma da wuya a sami wanda ya zauna ya fayyace abin da kowace ƙwarya take bugawa a cikinta. An adana rabin aikin, an bar rabin da ya fi saurin ɓacewa.

Duba abin da ya faru a wasu wurare yana nuna cewa ba dole ne abin ya kasance haka ba. Babatunde Olatunji ya fitar da faifan «Drums of Passion» a Amurka a 1960, ya sa duniya ta saurari gangar Yarabawa a matsayin kiɗa mai cin gashin kansa. Tony Allen, makaɗin gangar da ya jagoranci makaɗan Fela Kuti har zuwa ƙarshen shekarun 1970, ya rayu ya ga ana koyar da salon bugunsa ana kuma kiransa mai tsara kiɗa kafin ya rasu a Faris a 2020. Ita kanta ƙwarya ta hau manyan dandamalin duniya a bayan jitar Ali Farka Toure na Mali, wanda faifansa «Talking Timbuktu» ya ci kyautar Grammy. A can namiji ɗaya ne yake kaɗa ƙwarya ɗaya da hannu. Abin da matan Hausa suke yi da ƙore da yawa masu amo daban-daban, da ta ruwa a ƙarƙashinsu, ya fi wannan sarƙaƙiya, amma bai sami wanda zai gabatar da shi yadda ya kamata ba. A gida ma, digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata a 1988 ya ɗaga darajar kalangu, irin wannan karramawa kuwa ba ta saba kaiwa ga masu kiɗan cikin gida ba.

Misalai biyu daga yankin tafkin Chadi sun nuna hanyar da za a iya bi. A Nijar, Malam Mamman Barka ya sami tallafin UNESCO a 2002, ya je ya zauna wurin Bukar Tar, dattijon da ya rage yana kaɗa biram, kayan kiɗan Buduma, ya koya daga hannunsa. Daga baya ya fita da kayan kiɗan zuwa ƙasashen waje tare da makaɗin duma da kalangu Umaru Adamu, suka fitar da faifai a 2009. Barka ya rasu a 2018, amma biram bai tafi tare da Bukar Tar ba. A Maiduguri kuma, tun ƙarshen shekarun 1980 Jami'ar Maiduguri ta haɗa hannu da masana daga Jamus, ciki har da Raimund Vogels, aka bi garuruwan Borno ana ɗaukar kiɗan fada da na talakawa. Da rikici ya zo ya tarwatsa garuruwa da yawa, waɗannan ɗauke-ɗauke suka zama shaidar abin da ake yi a wuraren da yanzu ba a iya zuwa cikin sauƙi. Hanya ta farko tana adana fasahar a hannun mai rai, ta biyu tana adana ta a ma'ajiya, kuma amada tana bukatar duka biyun.

Abin da ya rage na Barmani a yau yana yawo ne a wayoyin hannu da katin ajiya da YouTube, galibi kwafin kwafi ne daga tsofaffin kaset, inda muryar take fitowa amma ƙore suke cakuɗewa su zama amo guda. Daga irin wannan ɗauka ba za a iya koyon rabon bugu ba. Ilmin yana wurin matan da suka zauna a bayanta da bayan Uwaliya suna kaɗawa, da ƙananan ƙungiyoyin da har yanzu ake kira biki a Funtuwa da Kano da Zariya da ƙauyukan da ke kewaye da su, kuma yawancinsu sun manyanta. Aikin da yake gaban sassan Hausa da na wasan kwaikwayo na jami'o'i, da hukumomin raya al'adu na jihohi, da gidajen rediyon da suke riƙe da tsofaffin faifai, ba mai tsada ba ne. A nemo waɗannan mata a biya su haƙƙinsu, a ɗauki kowace ƙwarya da makirufo nata daban tare da hoton hannun mai bugu, a tambaye su sunayen da suke kiran kowane bugu da yadda suke zaɓen ƙwarya, a rubuta sunayensu a jikin abin da aka ɗauka. Sannan a zaunar da 'yan mata kusa da su su koya, a makarantun mata da cibiyoyin koyon sana'a, inda iyaye ba za su ji ɗar ba, tun da kiɗan daga asalinsa na mata ne a tsakanin mata.